Ranar da Na Kira Sunan Surukina

Na daɗe a aikin koyar da tuƙin jirgi har ranaku sun fara cuɗe min a kai, amma akwai wata safiyar Laraba a tsakiyar damina da ko na so in manta ba za ta bar ni ba. Ita ce ranar da inji ya mutu min a saman garin Bauchi, uban matata yana zaune a kujerar hagu. Ku sababbin malamai na san kuna ce min mai naci a bayan idona, saboda yadda nake matsa muku a kan maganar miƙa tuƙi. Ban ji haushi ba. Ku dai saurari inda nacin ya samo asali.

A lokacin ina ƙaramin malami a wata makarantar koyon tuƙi mai zaman kanta, wadda ta kawo ƙananan jirage biyu Bauchi saboda sararin nan ba shi da cunkoso. Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan jirgi ba, kujeru biyu ne kawai a ciki, kafaɗa tana gogar kafaɗa, faɗinsa da ƙyar ya kai na keke napep. Injinsa ɗaya ne, shi ke juya farfelar da ke hanci. Ɗalibi yana zama a hagu, malami a dama, kowa da sitiyarinsa, amma sitiyarin biyu a haɗe suke ta ciki: in ɗaya ya motsa, ɗayan ya bi. In ka ja shi wajen ƙirjinka hancin jirgi ya ɗaga, in ka tura shi hanci ya sunkuya. Totur guda ɗaya ne, yana tsakiya.

Tunda hannu huɗu ne a kan jirgi ɗaya, akwai ƙa'ida. Da Turanci ake faɗarta, amma ma'anarta ita ce malami ya ce, "Na karɓi tuƙi," ɗalibi ya ɗauke hannunsa nan take ya ce, "Ka karɓa." Ba a gardama, ba a tambayar dalili, sai an sauka.

Surukina, wanda nake kira Baffa kamar yadda matata Hauwa take kiransa, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Bafulatani ne, iyayensa suka zauna a Ƙofar Ran, amma ƙuruciyarsa a bayan shanu ya yi ta. Dogo ne marar yawan magana, kuma hannunsa hannun wanda ya shekara yana kayar da bijimi don yi masa allura ne. Tun yana yaro yake sha'awar jirgi. Da ya ajiye aiki, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ta isa, sai ya zo ya yi rajista a makarantarmu ba tare da ya shawarci kowa ba. Ranar da na gan shi a ajin ɗalibai da littafi a hannu, ta ƙofar baya na zagaya.

Ni ɗan Ƙofar Dumi ne, kuma an tarbiyyantar da ni yadda aka tarbiyyantar da kowa a unguwarmu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa. Sunansa kuwa ko a bayan idonsa ba ya fita daga bakina. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba, sai dai ya ce Malam. Don haka aka ba shi Kyaftin Rifkatu ta zama malamarsa, mace mai faɗa wadda ba ta san wani Baffa ba, ni kuma na samu lafiya.

A wannan Larabar ɗan Kyaftin Rifkatu ya kwana da zazzaɓi, ba ta zo ba. Shugaban malamai ya kira ni ofis ya ce in ɗauki ɗalibinta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne fa."

Ya ce, "Na sani. Jirgin ya san haka?"

Na ce a ɗaga darasin zuwa gobe. Ya ce mutumin ya zo tun da sassafe, sama ta yi kyau, kuma shi a jadawalinsa malami da ɗalibi kawai yake gani. Ya koma kan takardunsa. Shugaba ne, ban da ta cewa.

Muka duba jirgin tare kamar yadda doka ta ce. Muka leƙa tankunan mai da ke cikin fukafukai, muka zuƙo ɗan mai daga ƙasa don ganin ko ruwa ya shiga, muka duba tayoyi da farfela da duk wata kafa da ido ke iya gani. Komai daidai. Baffa ya yi aikinsa a natse, bai tsallake komai ba. Da muka shiga muka ɗaura bel, kafaɗata ta taɓa tasa, sai na takure jikin ƙofa. Ya ce, "Malam, ka zauna sosai, jirgin ba nawa ba ne."

Darasin ranar, abin mamaki, shi ne mutuwar inji. Yadda muke koyar da shi, muna cikin tafiya sai malami ya janye totur ba sanarwa, ya ce inji ya mutu. Abin da ake so ɗalibi ya yi ya saɓa wa abin da zuciya ke so. Zuciya tana cewa ka ɗaga hanci ka guji ƙasa. Amma jirgin da ba inji, in ka ɗaga masa hanci gudunsa ke ƙarewa, iskar da ke ɗauke da fukafukai ta sake shi, ya faɗo. Dole ka sunkuyar da hanci kaɗan, ka bar shi ya riƙa zamewa a hankali, sannan ka nemi fili. Muka yi wannan a saman gonakin kudu da gari, Baffa ya yi kyau ƙwarai. Na ce, "An yi daidai, Baffa." Ya ce, "To madalla."

Muka juyo gida. Hasumiyar filin jirgi ta ba mu izinin bi ta gefen gari a kan tsayin da aka saba. Baffa ne ke tuƙi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, duwatsun da ke kewaye da Bauchi sun yi kore shar, rufin kwano yana ta ƙyalli. Har ya ɗan saki jiki ya nuna min da haɓa ya ce ga unguwarsu can.

Sai injin ya yi tari.

Ya yi shiru, ya sake kamawa, ya sake tari. Ƙarar da ta cika mana kunne tun da muka tashi ta ragu, jirgin ya yi wani irin sanyi a jikina. Baffa ya ɗan yi murmushi bai kalle ni ba, ya ce, "Malam, an sake ne?"

Ya ɗauka darasi ne. Sannan ya kai ido kan totur ya ga yana nan a ture yadda ya bar shi, ya ga hannuwana biyu a kan cinyata. Na ga lokacin da murmushin ya bar fuskarsa. Injin ya yi tari na ƙarshe ya mutu. Farfela tana ta juyawa, amma iska ce kawai ke kaɗa ta.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Duk atisayen da muke yi, can cikin ranka ka san totur yana nan, in abu ya ɓaci ka tura shi. Wannan karon ba abin turawa. A ƙarƙashinmu kuma ba gona ba ce, tsohon gari ne, gida manne da gida, lungu a kan lungu. Amma muna da tsayi. Na yi lissafi da ido na ga in muka sunkuyar da hanci yanzu, za mu iya kaiwa tsohon filin jirgin da ke cikin gari.

Na kama sitiyarina na ce, "Baffa, na karɓi tuƙi."

Bai ce "Ka karɓa" ba. Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya ja shi zuwa ƙirjinsa. Hancin jirgi ya ɗaga, allurar gudu ta fara sauka.

Na tura nawa. Kamar na tura bango. Na ce, "Baffa, a sakar min."

Idonsa yana kan rufin gidajen da ke ƙasa, bakinsa yana ta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ba ya tsayawa ko numfashi. Ba ya jin ni. Ba taurin kai ba ne, wannan abu ne da ke faruwa da ɗalibai, yaro da babba. Tsoro ya kama mutum ya daskare a kan abin da ke hannunsa. A makarantar malamai an koya mana maganinsa: ka daka masa tsawa da sunansa, in bai saki ba ka buge hannun. Na san wannan sarai, na ma taɓa yi wa wasu ɗalibai. Amma wanda ke gefena mutumin da ya ba ni 'yarsa ne, kuma harshena ya ƙi.

Na ce, "Don Allah Baffa, a yi haƙuri a ɗan sassauta."

Ƙahon gargaɗi ya fara kuka. Wannan ƙaho ba ya kuka sai jirgi ya kusa rasa iskar da ke riƙe da shi. Sitiyari ya fara rawa a hannuna, jirgin gaba ɗaya yana karkarwa. Hancinmu yana sama amma nutsewa muke yi. Na sa hannu biyu da duk ƙarfina na tura, na samu ya ɗan motsa, sai ya ƙara ja. Ni a lokacin siriri ne, ba wannan tumbin da kuke gani, shi kuwa na gaya muku irin hannunsa.

Ta tagar gefena na ga Gwallaga. A can gidana yake, Hauwa tana ciki da yaranmu. Na ga kekuna suna bin juna a titi, na ga farfajiyar wata makaranta cike da yara masu fararen kaya. Abubuwan da ɗazu suke ƙanana sun fara girma. Ba mutuwata kawai na gani ba, na ga inda za mu faɗa, kuma tankunanmu da mai a ciki.

Sai fiffiken hagu ya faɗi. Jirgin ya karkata, gari ya juyo ta tagar Baffa. Wannan shi ne farkon juyawar da in jirgi ya shige ta a irin tsayinmu, ba ya fita.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ji muryata, wata irin murya da ban san ina da ita ba.

"Hammadu! Sake shi!"

Na dunƙule hannun hagu na sauke masa a wuyan hannu da iyakar ƙarfina. Na ji abu ya ba da ƙara. Ya saki. Ya juyo ya kalle ni, na kalle shi, ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi.

Na tura hanci ƙasa, na taka fedar da ke juya wutsiya na tsayar da karkatar. Ƙahon ya yi shiru. Gudu ya dawo, amma da tsayinmu muka saye shi. Na nemi tsohon filin na gan shi ya hau sama a gilashin gaba, alamar ba za mu kai ba. In na gwada, a kan gidajen mutane za mu ƙare. Na juya jirgin na ba gari baya, na nufi gonakin da ke bayan unguwannin ƙarshe.

Na gwada tayar da inji. Na duba makunnin mai, na duba na wuta, na murɗa makulli. Ya yi tari sau ɗaya ya ƙi. Na danna rediyo na yi kiran neman agaji, na faɗi ko su wane ne mu, mutum biyu, inji ya mutu, za mu sauka a gona. Mai hasumiya ya amsa da murya a kwance kamar yadda aka koya musu, ya ce ya ji, motocin agaji sun taso. Daga nan ba abin da zai iya yi mana, shi ma ya sani.

Shirun da ke cikin jirgin ya fi komai tsorata ni. Iska kawai ake ji tana wucewa, sai numfashin Baffa a abin kunnena. Layin gidajen ƙarshe yana matsowa, ni kuma ina ta auna shi da ido, za mu tsallake ko ba za mu tsallake ba. Akwai wayoyin lantarki a bakin unguwar. Zufa tana shiga min ido, ban da hannun sharewa.

Akwai abubuwan da dole a yi kafin a taɓa ƙasa, hannuna kuma ba zai bar sitiyari ba. Na ce, "Baffa, a rufe mai." Bai motsa ba. Na ce, "Hammadu, rufe mai."

Ya ce, "To." Ya miƙa hannun hagu ya rufe.

"Hammadu, ƙara ɗaure bel ɗinka."

"To."

"Hammadu, buɗe ƙofarka ka bar ta a sake." Ana yin haka ne don kada ƙofa ta maƙale in jikin jirgi ya lanƙwashe. Ya buɗe. Duk abin da na ce, yi yake, hannun damansa yana kwance a cinyarsa.

Muka tsallake wayoyin, har na ga tsuntsaye suna tashi daga kansu. Gonakin masara ne a gaba, ta yi tsayi, in ka shiga cikinta jirgi kifewa yake. Can gefe na hango wata gonar gyaɗa, doguwa, ba itace a tsakiya. Na daidaita jirgin ya bi tsawon huɗar, don in ka gitta ta tayoyi karyewa suke. Na kashe wutar jirgi gaba ɗaya. Na yi kalmar shahada a fili, na ji shi ma yana yi.

Tayoyin baya suka taɓa. Ƙasa ta jiƙe, ta kama mu. Muka yi ta tsalle, laka tana fantsama a gilashi, gefen gonar da itatuwansa yana tahowa. Tayar gaba ta nutse ta karye, hanci ya caki ƙasa, wutsiya ta ɗaga sama har na ce shi ke nan mun kife. Ta tsaya a can kamar tana shawara, sannan ta dawo ta faɗi.

Na kwance bel ɗina da nasa, na tura shi waje, muka yi nesa da jirgin saboda tsoron wuta. Can muka tsaya. Na durƙusa a cikin laka a gabansa, kaina a ƙasa. Mai gonar ne ya iso da fartanya a kafaɗa yana haki, ya ce, "Sannunku, bayin Allah. Da rai dai ko?" Baffa ya ce, "Da rai."

A asibiti aka ce ƙashin wuyan hannunsa ya tsage. Hauwa ta zo ido jawur, ta tambayi yadda aka yi. Ina tsaye a bakin ƙofa, gabana yana faɗuwa fiye da yadda ya faɗi a sama. Baffa ya ce, "Ƙofar jirgi ce." Ga masu bincike kuwa bai rage komai ba, ya ce musu ya daskare, malaminsa ya karɓe jirgi da ƙarfi.

Injiniyoyi suka gano dalili daga baya. Tankin mai yana da ɗan bututun da iska ke shiga ta ciki yayin da mai ke raguwa. Zanzaro ne ya shiga can ciki, inda ido ba ya kaiwa, ya yi gininsa na laka ya toshe shi. Da iska ta daina shiga, mai ya daina sauka. Tun daga lokacin ake rufe bakin bututun in jirgi zai kwana, ana kuma hura shi a duba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake dasa muku. Mutuwar inji ba ita ke kashe mutane a ƙaramin jirgi ba, jirgin yana iya sauka ba inji in an bar shi. Abin da ake yi a ɗan lokacin da ke biyo baya shi ke kashewa. Mu kuma nan ɗalibanmu ba baƙi ba ne. Za a kawo muku ɗan mai unguwarku, da yayan abokinku, da wanda ya girmi ubanku. Kafin ka tashi da mutum, ka tambayi kanka ko bakinka zai iya kiran sunansa tsirara. In ba zai iya ba, ka je ka gaya wa shugaba, ka tsaya a kan bakanka ko da zai ji haushi.

Ni dai bayan abin na daɗe ban taka Ƙofar Ran ba. Kullum ina cewa Hauwa aiki ya yi yawa. Ina kwana ina tashi da tunanin cewa na kira sunan mutumin nan gatsau, na kuma karya masa hannu, kuma bai ce min uffan ba. Sai ya aiko a kira ni.

Na same shi a zaure shi kaɗai bayan la'asar, hannun a ɗaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Na fara cewa, "Baffa, abin da ya faru, ina neman..."

Ya ɗaga hannu mai lafiyar ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ka kira ni, ka yi min magana?"

Na ce, "Na yi, Baffa."

"Me ka ce?"

"Na ce don Allah a sassauta."

Ya ce, "Wallahi ban ji ba. Ban ji komai ba sai sunana. Rabon da a kira ni haka tun mahaifiyata tana da rai." Ya gyara zaman hannun a cinyarsa. "Ba gafara za ka nema ba. In ma akwai abin da zan riƙe ka da shi, jinkirin ne. Da ka ƙara lallashina kaɗan, da yarinyar nan da ke gidanka ta zauna karɓar gaisuwar uba da ta miji a tabarma ɗaya."

Ya ce in tashi in shiga ciki in gaida mutanen gida, sun kwana biyu suna tambayata.